Ruwan da Bai Ƙafe Ba

Ƙara ɗaya kawai ya yi. Tas! Kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tantabarun da ke kan zankon ɗakin Kaka suka tashi gaba ɗaya, sannan wani siririn gunji ya biyo baya, wayoyin ciki suna amsa wa juna har suka gaji suka yi shiru. Ina zaune a ƙofar ɗakin Inna ina tsince shinkafa a faifai, bayan sallar Azahar, a tsakiyar bazara. Ban tashi na duba ba. Na san abin da ya faru, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin kukan yara ɗari. Fiyanona ne, babban akwatin kiɗan nan na katako, ya tsage, kwana tara bayan an fitar da shi daga ɗaki an jingine shi da katangar bayan gida, kusa da turken awaki.

Hanifa, ke nake rubuta wa wannan babi. Ran da kika dawo daga taron suna a gidan kakanki da ke Kusfa, kina 'yar shekara shida da lalle a hannu, kika tsaya a gabana kika ce, "Umma, wai da gaske kina da akwatin aljanu?" Na yi dariya na cire miki ɗankwali, amma abinci bai wuce mini ba ranar. Ashe maganar ba ta mutu ba, tana nan ana miƙa wa yara tare da alewar suna. Tunda haka ne, gara ki ji daga bakina kafin wasu su gama ba ki nasu.

Gidanmu gidan malamai ne, mai zaure uku. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, yana ba manya karatu a zauren farko bayan Asuba da bayan La'asar, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko da a kan akuya ce. Ni kuwa tun ina ƙarama ake ce mini Sa'a mai kallon sama, don in an aike ni sayen daddawa sai a same ni tsaye a lungu ina sauraron yadda kiran salla daga masallatai uku ke haɗuwa ya rabu. A makarantar sakandare na fara jin fiyano. Wata tsohuwar malama ce mai suna Mama Talatu, Bahaushiya Kirista daga Wusasa, take zuwa ranar Laraba ta koyar da kiɗa ga wanda yake so. Ta taga na ji, na kasa tafiya. Sai na ga kamar ruwan sama ne aka koya masa magana. Shekara tara tana koya mini, tun a makaranta har na shiga jami'a na riƙa bin ta gida. In na danna maɓallan da ƙarfi sai ta taɓa wuyan hannuna da fensir.

"Kada ki doke shi, Sa'adatu," ta kan ce. "Ba taɓarya ce a hannunki ba. Yi masa sallama, zai amsa."

Da ta rasu, 'ya'yanta suka aiko cewa ta bar wasiyya a ba ni fiyanon. Na yi kwanaki ina zagaye kafin na iya gaya wa Malam. Ya saurare ni, sannan ya kafa mini sharuɗɗa uku: ba a lokacin salla ba, ba a lokacin da ake karatu a zaure ba, kuma ban da waƙa. Ya ce a sa shi a ɗakin marigayiya Kaka, can ƙarshen gida. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka a amalanke aka turo shi, lulluɓe da barguna. Da aka iso ƙofa sai ya ƙi bin kwanar zaure. Dole aka kira magini ya fasa katangar baya, aka shigar da shi, aka sake gina wurin. Gwaggo Rabi, yayar Malam wadda ta goye shi yana jariri, kuma ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta, tana tsaye tana kallo hannu a ƙugu.

"Duk abin da ya ƙi shiga ta zaure ya biyo ta katanga," ta ce, "sunansa ɓarawo."

Kowa ya yi dariya, har da ni.

Shekaru biyun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma ina so ki san haka, don masu ba da labarin suna tsallake su. Da safe ina koyar da kiɗa a wata makaranta a bayan ganuwa. Da hantsin Asabar 'yan mata huɗu na unguwarmu suna zuwa da yardar iyayensu, su cire takalma, su zauna ɗaya bayan ɗaya ina daidaita musu yatsu. Sauran lokacin nawa ne. A lokacin na fara rubuta kiɗa na kaina, kuma ban je nesa nema ba. In Inna da Gwaggo suna daka a tsakar gida suna lugude, ɗaya ta jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, ɗayar ta cike gurbin, sai na zauna ina ƙirgawa a zuci. Bugun Gwaggo mai nauyi ne, ba ya gaggawa, shi na ba hannun hagu. Na Inna mai wasa ne, na ba hannun dama. Shafi talatin da wani abu na rubuta, na adana su a cikin akwatin kujerar fiyanon.

Yanzu ga maganar kwano, wadda duk abin ya rataya a kanta. A bayan fiyano akwai wani faffaɗan allo na katako mara kauri, shi ne ƙirjinsa, daga nan sautin ke fitowa. Katakon ƙasar sanyi ne, bai san raninmu ba. In iska ta bushe sai ya takure, in ya takure da yawa sai ya tsage, in kuwa ya tsage an gama. Mama Talatu ta koya mini dabararta: a buɗe murfin ƙasa, wajen ƙafafu, a ajiye kwano da ruwa a ciki, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku har damina ta sauka. Wata rana a ranin farko ina durƙushe ina zuba ruwan, sai na ga inuwa a ƙofa. Malam ne. Bai taɓa tako ƙafarsa cikin ɗakin ba tun da aka kawo fiyanon, ranar ma a bakin ƙofa ya tsaya.

"Me kike yi masa?"

"Ruwa nake ba shi, Baba. Katakon ne ke jin ƙishi. In ba a ƙara ba duk kwana uku, sai ya tsage."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. "Ikon Allah," ya ce, ya wuce.

A bazara ta biyu aka kira ni Legas, sati shida, don jarrabawar koyarwa da kuma yin kiɗa a gaban jama'a karo na farko. Na kulle ɗakin na kai wa Malam makulli, don a turakarsa ake rataye makullan gida duka. Sai da motarmu ta wuce Kaduna na tuna kwanon. Na ɗauki waya zan kira Inna, na ajiye. Ta sha magana isasshiya a kan fiyanon nan, ban ga yadda zan ce ta je ta karɓi makulli a wurin Malam don ta shayar da katako ba. Na ce Allah ya sa ruwa ya sauka da wuri, na bar shi a haka.

Na dawo da takardar shaida a jaka da tsaraba a hannu, ina jin kamar ƙasa ba ta taɓa ƙafata. Babu wanda ya yi mini guɗa. Inna ta karɓi jakar idonta a ƙasa, ta ce in sha ruwa in je zaure na tsakiya, ana jirana. Na tarar da Malam zaune a kan buzunsa da carbi. Gefensa Baffa Isyaku, ƙanensa, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda tun da ya yi ritaya yake neman shari'ar da zai yanke. Gwaggo tana daga bakin ƙofar ciki. A tsakiyar tabarma an ajiye kwanona, da takarduna a tare, an danne su da dutse.

"Sati nawa kika yi a Legas?" in ji Baffa.

"Shida, Baffa."

"Shida. A bazarar nan da randa ke ƙafewa a kwana biyu. Wannan kwano jiya aka ciro shi daga cikin akwatinki, a gabana, ɗaki a kulle. Matso ki duba."

Na matsa. Cike yake, ruwan garai-garai, ko ƙura babu a samansa. Na faɗi amfanin kwanon, na faɗi abin da Mama Talatu ta koya mini, na yi bayanin katako da rani kamar ina gaban ɗalibai. Baffa ya bar ni na gama, yana gyaɗa kai.

"To, mun ji. Wa ya ƙara ruwan?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma wannan rashin sani shi ya kayar da ni. Ya ɗauki shafi ɗaya ya ɗaga sama da yatsu biyu kamar ya ɗauko kunama.

"Wannan fa? Ɗigo-ɗigo a kan layi, wasu biyu-biyu, wasu ɗaya-ɗaya. Mu ba yara ba ne, Sa'adatu. Mun san zanen masu bugun ƙasa."

"Rubutun kiɗa ne, Baffa. Zaɓi duk shafin da kake so, mu je in kaɗa maka shi yanzu."

"Wato ki kira su a gabanmu."

Da a wani wuri ne da na yi dariya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa hannu a takardun gwamnati, ga shi yana tsoron takardar da na rubuta da fensir ina shan kunu. Na juya wajen Gwaggo na ce ta dubi girman Allah, ita ta yi mini wanka ina jaririya, a gabanta na sauke Alƙur'ani, yaushe na zama mai asiri? Sai na ga hawaye a idonta, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ni na ga abin da na gani," ta ce. "Ba zan faɗa ba ko za a yanka ni. Amma an taɓa ɗan'uwana. Wannan abu ya juya masa hankali, kuma ba zan zauna ina kallo ba."

Saura mutum ɗaya a zauren wanda ya san gaskiyar kwanon tun kafin ranar. Na ja gwiwa zuwa gabansa.

"Baba, kai ka gan ni ina zubawa. Ka tambaye ni, na gaya maka. Ka faɗa musu."

Carbin ya ci gaba da tafiya a yatsunsa, ƙwaya bayan ƙwaya. Na ƙirga goma sha ɗaya.

"Ki yi wa iyayenki biyayya, Sa'adatu," ya ce.

Shi ke nan. Mutumin da ake tasowa daga garuruwa a zo a tambaye shi hukuncin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, ya kasa buɗe baki a kan kwano ɗaya na ruwan rijiyar gidansa.

Baffa ya yanke hukunci uku. A fitar da akwatin daga ɗakin Kaka. A ƙone takardun. Ni kuma in durƙusa in ce na tuba, a yi mini rubutu in sha kwana bakwai. Na ce rubutu na sha tun ina goye kuma zan sha har in mutu, amma ba zan sha shi a matsayin wadda ta amsa laifin shirka ba, don ban yi ba. Biyun farko ba su buƙaci yardata ba. Kafin Magariba an ƙone shafukan a bayan gida, na ga bugun taɓaryar Gwaggo yana tashi da hayaƙi, ita da kanta ke tura su cikin wutar da kara. Maza huɗu suka turo fiyanon suka jingine shi inda rana ke wuni.

Kwana tara na yi ina roƙo. Na ce a bar ni in kai shi makarantar da nake koyarwa. Aka ce ba zai fita ba sai an sake fasa katanga, fasa katanga kuwa sai da izinin mai gida, mai gida kuma ya ce a dakata a gani. Na lulluɓe shi da tabarma, Gwaggo ta yaye, wai a bar rana ta gasa abin da ke ciki. Na je da kwano a ɓoye, na tarar an kafe murfin ƙasan da ƙusa. Awaki suka riƙa sosa jikinsu da gefensa. Iyayen 'yan matan nan huɗu suka janye su, ɗaya har ta kai 'yarta a yi mata tofi, yarinyar da babu abin da na koya mata sai yadda za ta zauna a miƙe ta lanƙwasa yatsu. Na tambayi Inna ko ita ce ta ƙara ruwan don tausayina, ta rantse ba ta ma san inda ake buɗewa ba.

Sai rana ta tara, da wannan ƙara da na fara gaya miki. Gidan ya yi tsit. Gwaggo ta fito daga ɗakinta da carbi a wuya, ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Sun fita."

Mata suka amsa da amin. Aka aiki a sayo ƙosai a yi sadaka. Ina zaune da faifan shinkafa a cinya ina kallon mutanen da nake ƙauna suna murnar mutuwar abin da wata baiwar Allah ta riƙe shekara arba'in ba tare da ko ƙwarzane ba, ta damƙa mini amana, ya mutu a hannuna cikin shekara biyu. Ban yi kuka ba. Wani abu ne ya bushe a cikina ya takure, kamar wancan allo.

Washegari na haɗa kayana, zan tafi wurin Kawu, ɗan'uwan Inna. Inna ta riƙe mini mayafi ta ce budurwa ba ta barin gidan ubanta da fushi, in faɗi kalma biyun nan kawai, in ce na tuba, Allah ya san zuciyata. Na ce don Allah ya san zuciyata ne ba zan faɗa ba. Na bi ta zaure, Malam yana shi kaɗai, ɗalibai ba su iso ba.

"Baba, zan koma gidan Kawu a Tudun Wada."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Ka san gaskiya, ka yi shiru."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya ɗago ya dube ni, leɓensa ya motsa, sai aka yi sallama a waje, ɗalibin farko ya iso. Ya amsa sallamar. Na fita.

Kada wani ya ce miki na zaɓi kiɗa na bar ubana. Fiyanon ya riga ya mutu lokacin da na tafi, babu abin zaɓa. Abin da na ƙi shi ne in yi wa kaina shaidar zur. Amma ba zan ɓoye miki abin da hakan ya ci ba. Daga Tudun Wada na samu aiki a Kaduna, na koyar, na yi kiɗa a manyan ɗakunan taro, na auri babanki. A wancan zaure aka ɗaura auren, Malam ne ya bayar da ni, ni ina gidan Kawu. Da Salla ina kiransa a waya, mu gaisa, ya sa mini albarka, mu yi shiru, ɗayanmu ya ce sai an jima. Kullum ina jira ya fara, wataƙila shi ma yana jira. Kina wata biyar a duniya aka kira ni aka ce ya rasu. Tun daga ranar da na fita ban sake zama a gabansa ba.

Kiɗan luguden nan na sake rubuta shi daga ƙwaƙwalwa. Farkonsa da ƙarshensa sun dawo, tsakiyar ba ta dawo yadda take ba, na yi mata faci. Shi ne wanda kike cewa in kaɗa miki na turmi. Mutane suna tafi in na gama, ba su san hannun hagun na matar da ta ƙone shi ba ne.

Bara na je gaishe da Gwaggo. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya rufe, tana zaune a inuwar ɗakin Kaka da hantsi. Na karɓi hannunta ina yanke mata farce. Ba ta sauya ra'ayi ba ko kaɗan, har tana ce mini in gode mata don ita ta ceci gidan. Na ce, "Gwaggo, ran nan kin ce kin ga abin da kika gani. Me kika gani?"

Ta juya fuska wajen ƙofar ɗakin kamar tana iya ganinta.

"Tunda ya riga mu gidan gaskiya, zan faɗa. Ban gaya wa Isyaku ba, ban gaya wa uwarki ba, don kada ɗalibansa su ji a daina bin sa salla. Kina Legas, na fito da sassafe, sai na ga ƙofar nan a buɗe. Na leƙa. Ubanki ne, Sa'a. Malam guda, da rawaninsa, durƙushe a gaban akwatin kiɗa kamar mai neman gafara, ya buɗe cikinsa yana zuba masa ruwa da butarsa ta alwala. Na ce ko idona ne, sai na sa masa ido. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har kika kusa dawowa. Ke gaya mini, in ba asiri ba me zai sa shi haka?"

Abin yankan farcen ya tsaya a hannuna.

"Kullum yake yi, Gwaggo?"

"A'a. Shi ya ƙara tabbatar mini ƙa'idar abin ce. Duk bayan kwana uku. Bai taɓa kuskurewa ba."

Sau ɗaya tak na faɗa masa maganar kwana ukun nan, Hanifa. Yana tsaye a bakin ƙofa, fiye da shekara guda kafin nan, kuma na ɗauka bai ma saurara ba.